Kwana Tara a Garin Masu Haƙar Zinariya

Tun muna Flatbush, unguwarmu a New York, na san hutun nan ba hutu ba ne. Ana gobe za mu tafi, ina durƙushe a gaban akwati ina danna kayan yara, sai maigidana ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce in sa takardar haihuwar yarinyar nan da katinta na allurar rigakafi. Na ce masa hutu za mu ko asibiti? Ya ce Yaya ce ta ce a zo da su. Yana maganar yana kallon labule. Sannan ya ce bari ya sauka ya sayo burodi, alhali ga burodi har biyu a kan firij.

Yarinyar nan ita ce 'yar farina, shekarunta bakwai a lokacin. Ba zan rubuta sunanta ba, don ko a baki ban saba kama shi ba. Mu mutanen ƙasar Zazzau ne, Kiristoci tun kakanni, amma zuwa coci bai raba mu da kunyar ɗan fari ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta jawo shi jikinta a gaban mutane. In dangin uba suka ce nasu ne, nata sunkuyar da kai. Haka na ga uwata tana yi da yayanmu, haka na taso da abin, na hawo jirgi da shi har Brooklyn ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba.

Ita kuwa Yaya, yayar maigidana ce. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara uku, ita ta bar makaranta ta goye shi. Ta yi aure sama da shekara ashirin, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mijinta, wanda dukanmu muke ce wa Baba, ya fara aiki a ramukan kuza na Jos, ya yi karatu, daga baya ya samu aiki da masu haƙar zinariya a can jejin Nevada. Da na haifi yarinyar, Yaya ta taso tun daga can ta zo ta yi mini wankan jego a bahon bene na huɗu, kwana arba'in tana tafasa ruwa a tukwane uku. Ranar da za ta koma, falo cike da 'yan cocinmu, ta ɗaga jaririyar ta ce, "Amarya, wannan tawa ce. In ta isa makaranta zan aiko." Na sunkuyar da kai na yi murmushi. Mata suka ce lallai yarinyar nan akwai kunya, an iya tarbiyya a gidansu. Allah ya sani, har daɗin yabon na ji.

To, yarinya ta isa makaranta har ta gama aji ɗaya, ba a aiko ba, na ɗauka an manta. Ashe gayyatar hutun ita ce aiken.

Kada wani ya ɗauka ni mai sanyi ce. Nas ce ni, a wani babban asibiti a Brooklyn, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san bakina. Na taɓa tsare likita a bakin ƙofa na ce ba zai fita ba sai ya gyara abin da ya rubuta. Mai gidan da muke haya in ya hango ni a matakala, komawa yake yi. Don haka da maigidana ya fita sayen burodinsa, na ce a raina, mu je, ai ina da baki. Na ɗauko takardun biyu na tura su can ƙarƙashin katifa, na zuge akwatin, ban ce wa kowa komai ba.

Jirgi biyu muka hau daga filin jirgin JFK, inda maigidana yake aikin lodin kaya. Mu biyar ne, da ni da shi da yarinyar da ƙanwarta mai shekara huɗu da ta goye. A garin da muka sauka muka ɗauki motar haya, shi ke tuƙi, don ni ban iya ba. Me zan yi da tuƙi a New York, ga jirgin ƙasa a ƙarƙashin kowane titi? Awa biyar muna tafiya. Awa ta farko akwai gidaje da gidajen mai. Daga nan sai ƙasa fara-fara, da wata gajerar ciyawa mai launin toka, da duwatsu can nesa da ba sa matsowa. Ba bishiya, ba akuya, ba mai tallan komai. Na san daji a gida, na san akwai mutane a cikinsa ko ba ka gan su ba. Wannan babu kowa ne kawai. Yarinyar tana baya tana ƙirga turakun lantarki da Turanci, ta wuce ɗari uku barci ya ɗauke ta.

Garin titi ɗaya ne. Gidajen duk dogaye ne na kwano, irin waɗanda ake jawowa da tirela a ajiye a kan bulo. Kanti ɗaya, shi ne gidan waya, shi ne gidan mai. Mashaya biyu, coci ɗaya, makaranta mai ɗaki huɗu. Bas ɗaya ce ke shiga garin, ta kamfani, mai kwasar ma'aikata zuwa rami ta dawo da su. A bayan gidajen an ja waya an kafa alluna masu hoton ƙoƙon kan mutum, domin tsofaffin ramukan da aka haƙa tun zamanin da suna nan a buɗe, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Abu na farko da aka gaya mana ke nan, kada kowa ya sauka daga hanya.

Yaya ta fito da gudu ba takalmi, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titin nan da babu kowa. Kare ne kawai ya amsa mata daga wani gida. Ta rungume ƙanenta, ta ce mini, "Amarya, sannunku da hanya," shekara goma da aurena har yanzu amarya, sannan ta ɗauki yarinyar cak, ƙafafunta na lilo har gwiwar Yaya, ta shige da ita. Na kawo mata kuka da daddawa da yaji da na sayo wurin 'yan Nijar a Harlem. Ta buɗe ƙullin daddawar ta sa hancinta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

Bayan mun ci abinci ta ce mu zo mu ga ɗaki. An shafa masa fenti ruwan hoda. Ga ƙaramin gado, ga tebur, ga fitilar karatu. A jikin bango an rataye rigunan sanyi uku masu kauri, sababbi, daidai jikin yarinya mai shekara bakwai, a tsakiyar zafin bazara. Yarinyar ta haye gadon tana tsalle, tana tambaya da Turanci wai duk nata ne ita kaɗai? A Flatbush ita da ƙanwarta suke kwana a katifa ɗaya a bayan kujera. Mu huɗu aka shimfiɗa mana a falo.

Gidan kwano ba ya riƙe magana. In ka yi tari a wannan ƙarshen, na wancan ƙarshen zai ce sannu. Sai washegari da la'asar na samu na ja maigidana bayan gida, kusa da tankin gas, iska tana watsa mana tsakuwa a ƙafa. A can muka yi faɗanmu cikin raɗa, wanda ya fi kowane faɗa cin rai.

Na ce, "Ka san abin da ake shiryawa."

Ya ce, "Ke ma kin sani. Kina zaune aka yi maganar."

"Maganar shekara bakwai? Maganar da aka yi ina jego?"

Ya fara lissafo mini Flatbush kamar ban taɓa zama a cikinta ba. Harbin da aka yi a kwanar titinmu, 'yan kwalaben ƙwaya da muke tsallakewa a matakala, makarantar da sai an caje yaro kafin ya shiga, ni da shi muna musayar yara a bakin ƙofa, ɗaya na dawowa ɗaya na fita. Duk gaskiya ne, shi ya sa na ƙara ƙulewa. Na ce masa in unguwa ce ta lalace a sauya unguwa, ba a sauya wa yaro uwa ba. Ya ɗauki tsakuwa ya jefa bayan waya.

Ya ce, "Matar nan ta tauna abinci ta sa mini a baki. Ba zan iya duban idonta in ce a'a ba. In ke za ki iya, ga ta can a kicin. Ba zan hana ki ba, kuma zan tsaya a bayanki."

Na ce masa ya zuba ido ya gani. Na shiga kicin da ƙarfina. Yaya na tsaye tana kaɗa miya, ta juyo ta ce, "Amarya, me kike so?" Na ce gishiri nake nema. Ni da ba girki nake yi ba. Ta miƙo mini, na fita da gwangwanin gishiri a hannu na tsaya a falo kamar wata shashasha.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Kullum da tsakar rana jiniya takan yi kuka, sai ƙasa ta girgiza, kofuna su yi ƙara a kan kanta. Nakiya ce ake fasa dutse da ita. Ban da wannan babu abin da ke faruwa a garin. Baba ya fita tun asuba sai magariba. Zafi ba ya barin a fita, iskar ta bushe har hancin ta goye ya yi jini. In na ce bari in taka, minti goma na kai ƙarshen titi, inda kwalta ta miƙe ta shige jeji, in tsaya in juyo. Na tambayi matar kanti ko akwai motar da ke zuwa birni, ta yi dariya ta ce sai dai mai kawo wasiƙu, shi ma ba ya ɗaukar mutane. Tarho ɗaya ne a gidan, a bangon kicin, daidai inda Yaya take wuni. Ko da na samu na buga, wa zan kira? Uwata da kanta cewa za ta yi kada in ja mata abin kunya.

A kwana na huɗu na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Uwa ba ta da ikon cewa tana son 'yar farinta, amma tana da ikon kushe ta. Wannan kam ba mai ganin laifinta, yabonta ma za a yi. Sai na ga ai ga ƙofa. Muna zaune a kicin muna yanka kuɓewar da Yaya take shukawa a cikin tsofaffin tayoyi, na fara.

"Yaya, yarinyar nan fa ba ta jin magana. Tsiwa gare ta, ana faɗa tana faɗa."

Ta ce, "Ubanta ta gado. Ni na gyara shi."

"Ba ta cin tuwo, sai ta ce yana maƙale mata."

"Jiya malmala ɗaya da rabi ta ci."

"Ga ƙiwa. Ko kofin da ta sha ruwa ba ta ɗaukewa."

"Ai shi ya sa zamanta a wurina zai yi kyau. Ke aiki ya yi miki yawa."

Duk abin da na jefa sai ta cafe ta mayar da shi dalili. Da na ga na ƙare, sai na yi ƙarya. Na ce har yanzu tana fitsarin kwance, za ta lalata mata sabuwar katifa. Yaya ta ce akwai leda.

A nan na ji motsi. Yarinyar tana tsaye a bayan ƙofar raga, ban san tun yaushe ba. Mun saba mantawa cewa tana jin Hausa tsaf, don da Turanci take amsawa. Ta dube ni ta ce, da Turancin, ta daina tun tana shekara biyar, kuma ni ma na sani. Abin da nake so in yi shi ne in jefar da wuƙar in jawo ta in ce mata ƙarya nake yi, don kada a raba mu nake yi. Amma Yaya na kallona. Na ce, "Tafi can, manya na magana." Ta tafi. Daga ranar ta daina zuwa ta jingina da ni in ina shayar da ta goye, ta koma bin Yaya duk inda ta sa ƙafa.

Washegari Yaya ta ci ado, ta ɗaura ɗankwali, ta ce za ta ofishin makaranta a rubuta sunan yarinya kafin a dawo daga hutu. Hankalina kwance, don na san inda takardu suke, suna Brooklyn a ƙarƙashin katifa. Har na buɗe baki zan ce wayyo, na manta, sai maigidana ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya zaro ambulan ya miƙa mata. Bai dube ni ba. Shekara goma muna kwana a katifa ɗaya, ya san inda nake ɓoye abu. Mutumin da ya ce zai tsaya a bayana ke nan. Ranar ban ci abinci ba, Yaya ta ce ruwan garin ne bai karɓe ni ba, ta dafa mini kanwa.

Ana jibi za mu tafi Baba ya samu hutu, ya ce zai kai mu mu ga ramin. Akwai wani tudu a gefen hanyar fita gari, inda kamfani ya kewaye da waya don masu kallo. Daga nan ake hango shi. Ban taɓa ganin rami irin wannan ba, da za a zuba unguwarmu duka a ciki da benayenta ba za ta cika shi ba. An yanka gefensa hawa-hawa, manyan motoci suna zagayawa a hankali da duwatsu, daga sama kamar tururuwa. An kafa tayar ɗaya daga cikinsu a kan tudun, ta fi Baba tsawo sau biyu. Yarinyar ta shige cikinta ta zauna, ta ce ita in ta girma irin motar nan za ta tuƙa. Na tambayi Baba ina zinariyar? Ya ce shekara goma sha ɗaya yana aiki a nan bai taɓa ganinta da idonsa ba, sai an niƙe dutsen an wanke da magani a wani wuri.

Baba mutum ne marar magana, yana da tari, kuma ya bar yatsa ɗaya a ramin kuza tun yana saurayi. Da sauran suka matsa gaba, sai ya tsaya kusa da ni ya kama wayar da hannunsa mai yatsa huɗu. Bai dube ni ba, ramin yake kallo.

Ya ce, "Amarya, riƙo a gida daban yake. A gida yaro yakan tsallaka katanga ya je ya ga uwarsa ya dawo kafin a kwashe tuwo. Nan kin ga hanya da idonki. Ina tambayarki tsakaninki da Allah, kin yarda?"

Kwana bakwai ina neman wanda zai yi mini tambayar nan. Ga ta an yi mini, a fili, da Hausa, ba wanda ke ji. Kalma ɗaya ce amsar, ko yaron goye ya iya ta. Amma babban mutum ne, sa'an ubana, yake tambayata a kan 'yar farina. Na ji kaina yana sunkuyawa da kansa. Can gaba kuma ga Yaya ta riƙe bakin rigar yarinyar don kada ta matsa kusa da waya, tana dariya har tana share hawaye.

Na ce, "Baba, ai ku ne iyayenta."

Ya ci gaba da kallon ramin. Na san jira yake in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya yi tari, ya saki wayar, ya ce, "To, Allah ya ba mu ikon riƙewa." Ban taɓa jin haushin wani mutum kamar yadda na ji haushin kaina a kan tudun nan ba.

Ana gobe tafiya na zaunar da yarinyar na yi mata kitso, ƙanana ƙanana, na ja shi da ƙarfi don ya daɗe. Ta ce da zafi, na ce ta yi haƙuri. Ita ba ta san komai ba. Yaya ta riga ta tsara yadda za a yi, irin na gida, don ba a yi wa yaro sallama. Da safe Baba zai ɗauke ta ya kai ta garejin kamfani ta ga motoci, can ɗaya gefen garin, mu kuma mu sulale. In ta dawo ta yi kukanta na kwana biyu, shi ke nan.

Ina kitson ina shirya maganata. Na yanke cewa da Turanci zan faɗa, don na lura a Turanci ba ni da kunya. Na jera ta kamar yadda nake jera wa likitoci, gajera, ba kwana-kwana. Na gode, Yaya, amma da 'yata zan koma.

Da safe na iske ta ita kaɗai a kicin tana dama mana kunun hanya. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, na ce, "Yaya." Ta juyo ta dube ni. Sai ta ajiye ludayin, ta dafa bakin kantar kicin, ta durƙusa a gabana da gwiwa biyu. Matar da ta girme ni da shekara goma sha biyar, mai ciwon gwiwa, wadda ni ya kamata in durƙusa wa. Ta kama ƙafafuna.

Ta ce, "Amarya, na ga idonki tun ranar da kuka zo. Na san ba sauƙi. In ya fita aiki ba na jin muryar kowa a gidan nan sai tawa. Littafi Mai Tsarki nake karantawa da ƙarfi don in ji Hausa a kunnena. Mata nawa na yi wa wanka, yara nawa na goya, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ke kaɗai ce ba ki ba ni kunya ba. Ba ni da abin da zan saka miki da shi."

Hawayenta na ɗiga a kan yatsun ƙafata. Har yau ban sani ba ko godiya ce kawai, ko ta ga maganar a bakina ne ta riga ni. Na yi shekaru ina juya abin. Turancin da na shirya dai ya bi iska. Na sunkuya na kama kafaɗunta, na ji bakina yana cewa, "Haba Yaya, tashi. Ba komai."

Ni na sa wa yarinyar riga. Na ce ta sa hula akwai rana. Ta tambaye ni ko za mu zo mu ga motocin mu ma. Tun ranar kuɓewa wannan ce tambaya ta farko da ta yi mini. Na ce, "Je ki, muna zuwa." Ta haye motar Baba suka tafi. Muka loda akwatuna, Yaya ta yi mana addu'a a bakin ƙofa, muka kama titi.

Hanyar fita ɗaya ce, kuma ta gefen tudun nan take bi. Tun daga nesa na hango motar Baba a kai. Ba gareji ya kai ta ba. Ya kawo ta daidai inda dole mu wuce, ya koma gefe ya tsaya da hannu a baya. Yarinyar ta gane motarmu. Ta rugo bakin waya ta cire hular tana kaɗawa, tana nuna mana inda ake kwana a hau tudun.

Maigidana ya ɗaga ƙafarsa daga kan mai. Motar ta rage gudu har ina jin tsakuwa a ƙarƙashin taya. Fuskarsa a jiƙe take. Ya ce, "In tsaya?"

Na san in ya tsaya zan sa ta a mota, kuma sai mun koma cikin gari na ɗauko kayanta a gaban matar da ta durƙusa mini ɗazu. Na ce, "Wuce."

Ta bi jikin wayar da gudu har inda wayar ta ƙare. Ƙanwarta ta miƙe a kujerar baya tana cewa mun bar yayarta, mun bar yayarta. Na daka mata tsawa ta zauna. Awa biyar muna tafiya, ban yi kuka ba sai a bayan gida na filin jirgi, na saki famfo don kada a ji.

Shekara biyar ta yi a can. Sau biyu muka je ganinta, sau ɗaya suka kawo ta Kirsimeti. Sai da tarin Baba ya ƙaru ya ajiye aiki, suka shirya komawa gida, sannan aka dawo mana da ita don kada karatunta ya katse. Ba ni da abin da zan ce a kan riƙon Yaya. Yarinya ta dawo da lafiyarta, da ladabi, ta iya girki, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a aji. Da an cuce ta ma da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Muka ci gaba da zama lafiya lau, tana gaishe ni safe da yamma, ba ta taɓa ta da maganar ba.

Wata Asabar, tana da shekara goma sha uku, muna shagon wankin inji da ke ƙasan titinmu a Flatbush. Mun fito da zanin gado daga injin busarwa, ta kama baki biyu na kama biyu, muka ja muka ninke, muka tako muka haɗu a tsakiya. A nan ta ce, da Hausa, "Mama, ranar nan da kuka tafi, kin gan ni a bakin waya?"

Na ce, "Rana ta haske mini ido. Ban ga kowa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ni ma haka na yi ta gaya wa Baba. Na ce ba ki gan ni ba ne, da kin gan ni da kin sa an tsaya. Shi dai bai taɓa cewa komai ba."

Ta karɓi bakin zanin daga hannuna ta ƙarasa ninkewa ita kaɗai.